Kwalliyar Da Ba Ta Biya Kuɗin Sabulu Ba

Zancen yau na 'yan'uwana mata ne, ko da yake maza ma suna da nasu kason a ciki, tun da yake daga aljihunsu kuɗin ke fita.

Ni haifaffiyar Fagge ce, unguwar nan da ke bayan ganuwar birnin Kano, wadda tun zamanin da ta kasance masaukin ayarin Azbinawa masu kawo gishiri bisa raƙuma. A nan na tashi a hannun kakata, wadda sana'arta ita ce kitso da ƙunshi, a nan kuma nake karantar da matan aure a wata makarantar Islamiyya shekara da shekaru. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya san ba maƙiyiyar ado ce ke magana ba. Da kuɗin kitso aka saya mini allona na farko.

Ina iya tunawa da kayan aikin kakata ɗaya bayan ɗaya. Akwai zunguru, wanda amarya ke zura hannu a ciki bayan an dama lalle, ta kwana da shi, gari ya waye hannun ya yi ja wur. Akwai kibiyar tsaga kitso da matsefi, da katambiri na zanen fuska, da fure na rinin haƙori, da ɗan tandun kwalli na fata wanda ba ya barin gefen gadonta. Lallenta kuwa daga Kasuwar Kurmi ake sayo mata ganyensa, a shanya a inuwa, a daka a gida, a tankaɗe. Abin da ban gane muhimmancinsa ba a lokacin shi ne, ba ta taɓa ɗaukar kibiya daga kan wata ta sa a kan wata ba sai ta wanke ta da sabulun salo da ruwan zafi. In aka kawo mata yarinya mai makero ko kwarkwata, takan ce wa uwarta, "Tafi ki yi mata magani tukuna, kan 'ya'yan mutane amana ne a hannuna." Ba ta san sunan ƙwayar cuta ko ɗaya ba, amma ta san amana.

To, a shekarar 2022, bayan Babbar Salla, aka sa ranar auren 'yar ƙanena, yarinyar da na yi wa wankan jariri da hannuna. Da lokacin ƙunshi ya zo, ƙawayenta suka ce ai yanzu ba a yayin jan lalle kaɗai, sai an haɗa da baƙin zanen fulawa tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ni ce na zaɓi gidan da za a kai ta, kuma hujjata ita ce mai gidan Musulma ce, tana sa hijabi, tana amsa sallama da kyau, ga shi ba ta da nisa da mu. Ban tambayi abin da ke cikin ɗan ƙoƙon da ta dama ba. Na dai ga kafin awa guda zane ya kama baƙi ƙirin, mata suna ta sa albarka, ni ma na sa.

Bayan kwana biyu, a daren da za a wayi gari a ɗaura aure, sai yarinyar ta shigo ɗakina tana hawaye, ta ce, "Gwaggo, dubi hannuna." Duk inda zanen ya bi ya tashi, ya yi ja, ya ɗuri ruwa, kamar an ɗora mata ƙarfe mai zafi an bi fulawar da shi. Ƙaiƙayi ya hana ta barci. Da asuba muka nufi asibiti, maza suna can suna shirin tafiya masallaci wurin ɗaurin aure, amarya kuwa tana zaune a kan bencin marasa lafiya.

Likitar da ta duba ta, mace ce mai haƙuri, ta tambaye ta ko ta taɓa yin irin wannan baƙin zane a baya. Ta ce ta yi da Ƙaramar Salla, kuma bai yi mata kome ba. Sai likitar ta juyo gare ni ta ce, "Mama, wannan ba lalle ba ne. Lalle na gaskiya ja yake yi, kuma sai ya ɗauki awoyi kafin ya kama. Abin da ke yin baƙi nan da nan rinin gashi ne, wanda kuke kira dayis, yana ɗauke da wani sinadari da ake ce wa PPD. An yi shi domin gashi, ba domin a zauna da shi a kan fata ba. Karon farko jiki yakan yi shiru yana ajiye abin, karo na gaba sai ya tashi da faɗa." Ta ƙara da cewa wanda jikinsa ya riga ya ƙi wannan sinadari, yawanci ya ƙi shi ke nan har abada, ko rinin gashi yarinyar ta shafa nan gaba yana iya kumbura mata fuska. Aka ba mu magani, aka kai amarya ɗakinta da hannu a naɗe cikin mayafi, kuma shatin fulawar nan ya yi watanni kafin ya dushe.

Ba mai zanen na fi zargi ba, kaina na zarga. Shekara nawa ina karantar da mata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cuta da cutarwa, hadisin da Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, amma ban taɓa kawo wa raina cewa hadisin ya shafi ƙoƙon mai ƙunshi ba. Na ɗauka kamanni na addini sun isa shaida a kan ingancin aiki. Ashe hijabin mai sana'a shaida ce a kan suturarta, ingancin kayan aikinta kuwa sai an bincika.

Tun da likitar ta ga ina da tambaya, sai na koma wurinta bayan biki, na tafi da tandun kakata, wanda na gada, wanda kuma da shi nake sa wa jikokina kwalli tun suna cikin zanen goyo. Abin da na ji a ranar ya fi na farko nauyi a zuciyata. Dutsen nan mai walƙiya da muke niƙawa mu kira shi kwalli ko tozali, mafi yawansa ma'adinin dalma ne. A shekarar 2011, a birnin Boston na ƙasar Amurka, likitoci sun sami dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya, da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, aka auna shi aka sami kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga wannan labari a 2012, har ta ambaci sunayen abin da harsunanmu, watau tiro da tozali da kwalli. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, ta haka gubar ke shiga cikinsa kaɗan kaɗan, ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta, ba tare da an ga wani ciwo a fili ba. Mu mutanen Arewa kuwa ba baƙi ba ne ga sharrin dalma, domin ba mu manta da abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dutsen zinariya mai haɗe da dalma ta kashe yara wajen 400.

Na dawo gida raina a dagule, domin abin ya zo mini kamar karo tsakanin sunna da maganar likita. Ai kuwa Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah duk sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaba wa kwallin Ismid, ya ce yana ƙara hasken gani, yana tsirar da gashin ido. Na kwana uku ina juya littattafai, daga bisani na lura da abin da ya daɗe a gabana ban gani ba. Hadisin ya ambaci wani dutse ne da sunansa, Ismid, wanda malamai suka siffanta da baƙin dutse mai sirkin ja, suka ce mafi kyawunsa daga Isfahan ta ƙasar Farisa ake kawo shi. Bai ce duk baƙin garin da aka zuba a tandu aka kira shi kwalli ya shiga cikin yabon ba. Sunan abu daban, zatinsa daban. In mutum ya sayar maka da ruwan rijiya ya rubuta Zamzam a jikin jarka, rubutun ba ya mai da shi Zamzam. Saboda haka babu karo tsakanin sunna da ilmin likita, karon yana tsakanin sunna da jahilcinmu game da abin da muke saye. Daga ranar na daina sa wa jikokina kwalli, na kuma roƙi iyayensu su kai su a auna jininsu. Tandun yana nan a cikin akwatina, ina duba shi in yi wa kakata addu'a, domin ita ta yi aiki da iyakar saninta, ni kuwa da sani ya zo mini ba ni da uzurinta.

Kada wata ta fahimci cewa ina hana ado. Allah Maɗaukakin Sarki, a cikin Suratul A'arafi aya ta 32, Ya yi inkari ga wanda ya haramta ƙawar da Ya fitar domin bayinSa. Sana'ar gyaran amarya kuwa tana da asali mai daraja, domin Ummu Sulaim ce ta shirya Uwar Muminai Safiyya ta kai ta ga Manzon Allah a kan hanyar dawowa daga Haibara, a shekara ta 7 bayan Hijira, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Mace ta yi wa mijinta ado ibada ce da ake ba ta lada a kai. Amma Shari'ar da ta halatta adon ita ce kuma ta yi masa iyaka, ta nuna a Suratun Nuri aya ta 31 waɗanda ake bayyana musu shi, ta kuma hana mu a Suratul Baƙara aya ta 195 jefa kanmu cikin halaka da hannunmu.

Wace halaka ce ta fi ta man bilicin bayyana a yau? Duk wanda ya ratsa layin 'yan kayan shafa a Kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, zai ga mayuka iri iri, wasu na kirki masu rajista, wasu kuwa haɗin gida ne a cikin robar da ba ta da suna ko kwanan wata. Irin waɗannan haɗe-haɗe sukan ƙunshi zaiba, wadda ke lalata ƙoda, tana kuma iya isa ga ɗan tayi a ciki, ko haidurokwinon mai yawa, wanda ƙarshensa baƙin tabo ne da ba ya fita, ko kuwa magungunan sitiroyid da ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, rauni ya ƙi warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata, a 2023 kuma shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta tsaya a nan Kano ta bayyana al'amarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya. Allah kuwa a Suratur Rumi aya ta 22 Ya lissafa bambancin launukanmu a cikin ayoyinSa. Ina jin kunyar in ce na ga iyaye mata suna shafa wa 'ya'yansu ƙanana irin wannan mai, wai don kada dangin uba su raina su. Maza kuma su ji tsoron Allah, domin da ba su riƙa fifita fara a gaban baƙa da bakinsu ba, da kasuwar ba ta ci haka ba.

Da auren ƙanwar waccan yarinya ya taso a 2024, sai na ce wannan karon da ƙafata zan yi bincike. Na shiga gidajen kwalliya da dama a Fagge da Sabon Gari, ina zama kamar mai jiran layi, ina kallo. Na ga inda soso ɗaya ya bi fuskar mata biyar ba a wanke ba. Na ga inda ake zura tsinken kwalli ɗaya a idon kowa, alhali kowa ya san yadda ciwon idon nan da muke kira Afolo yake bin gida gida. Na ga reza ɗaya a kan tebur ana gyara gira da ita ana mayarwa. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7, kuma ɗigon da ido bai gani ba ya isa. Na ga inda namiji ke riƙe da haɓar matar aure yana shafa mata hoda, na ga kuma inda ake ɗaukar hoton amarya ba lulluɓi a watsa a waya domin tallar aiki, ba da izininta ba. Annabi ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana kallonta, to ina ga hoton da dubban maza za su gani?

Wurin da hankalina ya kwanta da shi a ƙarshe, a Sabon Gari yake, kuma mai shi ba Musulma ba ce. Ban tambaye ta ba, ita ce da ta ga shigata ta ja labule, ta ce, "Hajiya, nan maza ba sa shigowa." Na ga tukunyar da take tafasa ƙarafunanta bayan ta wanke su, na ga tana ɓare sabuwar reza a gaban mai ita, tawul kuma kowa da nasa. Da na yi zancen baƙin zane sai ta ce ta daina shi tun da ya taɓa ƙona wata a hannunta. Ta tambaye ni da kanta ƙarfe nawa amarya za ta yi salla, domin ta tsara aikinta. Ban faɗi wannan don in kushe 'yan'uwana Musulmi masu wannan sana'a ba, akwai masu tsabta da tsoron Allah a cikinsu da yawa, na kuma sadu da su daga baya. Na faɗa ne don ya zama abin kunya gare mu a ce mu da aka gaya wa tsarki rabin imani ne, wata ta riga mu aiki da shi.

Ga abin da nake gaya wa ɗalibaina yanzu. Kafin ki zauna a kujerar mai kwalliya, ki dubi hannunta, shin ta wanke bayan ta gama da wadda ta riga ki? Ki dubi ƙarafunan yankan farce da na gira, in ba sababbi ba ne, to a wanke su a tafasa kamar minti 20, shafa musu ɗan sifirit a gurguje bai wadatar ba. Abin da ya fi, ki tafi da naki, soso da buroshi da jagira da jambaki da matsefi, ba su da tsadar da ta kai kuɗin asibiti. Abin da ya shafi ido kada ki yi tarayya da kowa a cikinsa, ko da 'yar'uwarki ce ciki ɗaya. Ki karanta jikin kwalba, ki ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa, abin da ba shi da suna kuwa kada ya hau fatarki. Sabon mai ko hoda, ki gwada kaɗan a cikin damtsenki ki jira kwana biyu tun biki da sauran lokaci. Kada ki ji nauyin tambaya, domin mai gaskiya ba ta jin haushin a tambaye ta.

Wajen shafawar kanta kuwa, ki fara da wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, ki bari ta bushe, ki shafa mai kaɗan. Ki zaɓi hodar da ta dace da launin da Allah Ya ba ki, ki gwada ta a gefen muƙamuƙi a hasken rana, domin wadda ta fi ki haske takan bar fuska fari fat, wuya da kunne baƙi, kowa ya gane. Ki shafa siriri ki baje shi sosai, in bai isa ba ki ƙara kaɗan, ya fi ki lafta da yawa ya tsattsage da zafin Kano. Kada ki shafa a kan ƙurji mai ruwa, kada kuma ki kwanta barci da kwalliya a fuska. Tsige gira da ƙarin gashi kuwa, hadisan Buhari da Muslim sun zo da tsawatarwa mai tsanani a kansu, ki tambayi malamai kafin mai kwalliya ta yanke miki hukunci da rezarta.

Sa'an nan babban al'amari, watau salla. Duk wadda ta karanta Ahalari ta san farillan alwala 7 ne a mazhabarmu ta Malikiyya, a cikinsu akwai wanke fuska da hannaye tare da cuɗawa, kuma sharaɗi ne ruwa ya taɓa fata ba tare da shamaki ba. Launin lalle ba shamaki ba ne, domin rini ne da ya shiga fata ba shi da kauri. Amma jan farce da farcen roba da fankeken da aka yi shi don kada ruwa ya ratsa, waɗannan shamaki ne, sai an gusar da su alwala ta inganta. Sau nawa muka ga amarya an zaunar da ita tun hantsi, Azahar ta wuce, La'asar ta wuce, Magariba ta wuce, ana cewa kada ta ɓata kwalliyar dubban nairori? A ranar da ta fi kowace rana bukatar albarka, a ranar ake sa ta saɓa wa Mai ba da albarkar. Dabara mai sauƙi ce: ta yi alwala ta yi sallar lokacin, sa'an nan a fara, a kuma tsara aikin tsakanin salloli. In alwala ta warware, to a wanke a sake, hoda ba ta fi salla tsada ba. Haka muka yi wa ƙaramar amaryarmu, jan lalle aka yi mata irin na kakata, ba ta rasa salla ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya ce ba ta yi kyau ba.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Ina ganin da irin wannan aiki ne za a magance abin da na bayyana. Ina kira ga malaman Islamiyyu su sa wannan babi a cikin darasin tsarki, ga limamai su taɓo shi a huɗuba, ga hukumomin lafiya su riƙa leƙa waɗannan gidaje, ga masu sana'ar kuma su tuna fuskar da ke gabansu amana ce da za a tambaye su a kanta. Ita waccan yarinya ta yafe mini tun tuni, yanzu har ta haihu, kuma da na je barka na tarar idon jaririyar fes, ba kwalli. Ta dube ni ta yi murmushi ta ce, "Gwaggo, karatunki ne."

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu.